Yadda Na Mayar da Ta'aziyyar Inna Zancen Yaji

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena Nura ba, kuma ba don kyawun amarya ko yawan abinci ba. A bikin nan ne aka kama ni ina zabga ƙarya da harsuna biyu, a tsakar gidanmu na Daura, a gaban matan unguwa.

Shekara takwas ke nan ina zaune a Faransa. Karatu ne ya kai maigidana, ya samu aiki, na bi shi. Ni ma na samu nawa a wani gidan kula da tsofaffi: mu yi musu wanka, mu ba su abinci da magani, mu saurari labarin da suka ba mu jiya kamar yau muka fara jin sa. A watana na farko wata tsohuwa ta yi ta tari, ni kuwa da ɗanyen Faransancina na dafa kafaɗarta na ce, "Allah ya ba ki lafiya." Da za mu tashi, shugabar sashenmu ta ja ni gefe, da murmushinta da komai, ta ce a wurin aiki addini tsakanin mutum ne da zuciyarsa. A bakin ƙofa ake rataye shi tare da rigar sanyi, in an tashi a ɗauka.

Ba faɗa ta yi mini ba. Daga baya ma na gane cewa su a wajensu ladabi ne. Ka tambayi mutum addininsa a can, kamar a Daura ne ka tsare mace a cikin taro ka ce watan cikinta nawa. Amma ni da tsoro ya shige ni sai na zarce. In azumi ya zo, in ce ba na jin yunwa (wata guda cur ba na jin yunwa, kuma ba wanda ya taɓa cewa me ya sa). In "insha Allahu" ta zo bakina, in haɗiye ta in yi tari.

A wurin aikin nan na samu ƙawa, sunanta Odile. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, ba ta da yawan magana, amma ita ta koya mini yadda ake ɗaga tsoho ba tare da mutum ya karya bayansa ba. Shekara shida muna aiki tare. Na san ciwon gwiwarta, na san sunan kyanwarta, na san ɗanta ba ya kiran ta a waya. Ko tana bin wani addini, wannan ban sani ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba. Da mijinta ya rasu na je jana'iza, na riƙe hannunta, na faɗi abin da na ji kowa yana faɗi: ina tare da ke. Tun daga rasuwar ta yi sanyi, ko dariyar ma ta daina. Ranar da na ce zan je gida biki, ta ce in tafi da ita mana. Na ɗauka wasa ne na ce to. Bayan sati biyu ta nuna mini bizarta.

Nan hankalina ya tashi. Na ɗauki waya na kira Inna. (Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. Tun da na buɗe ido a duniya "ke" ne sunana a bakinta.)

"Inna, don Allah idan baƙuwar nan ta zo kada a yi mata zancen addini. Su ba sa so."

"To zancen me za a yi mata?"

"Komai ma. Abinci, hanya, zafin gari."

"Ko 'Allah ya huta gajiya' ba za a ce mata ba?"

"A ce sannu da zuwa kawai."

Inna ta ce, "To Allah ya kyauta," ta kashe wayarta. Da ina da hankali, da tun a nan na gane ba ta yarda da komai ba.

Ƙarya ta farko a hanyar Kano zuwa Daura na yi ta. Duk motar da muka wuce akwai rubutu a bayanta: Ikon Allah, Allah Shi Ne Mai Yi, Haƙuri da Addu'a. Odile ta tambaye ni me suke nufi. Na ce sunayen kamfanoni ne. Ta ce lalle ƙasarmu akwai kamfanoni.

Inna ta tarbe ta da fura mai sanyi, ta gwada kiran sunanta sau biyu ta kasa, ta mayar da ita Adila. Tunda babu mai jin Faransanci a gidan sai ni, na zama tafinta. Inna ta ce, "Ce mata mun gode Allah da ya kawo ta lafiya, Allah ya mayar da ita lafiya." Na juya na ce, "Ta ce sannu da hanya." Wannan ban ɗauke shi ƙarya ba, taƙaitawa ce.

Washegari abin ya yi gaba. Suna zaune a rumfa ana yi wa Odile lalle, Inna ta ce, "Ke, tambaye ta. Su wace hanya suke bi? Kirista ce?"

Na ce wa Odile, "Ta ce ya kika ji zafin garin?"

Odile ta ce, "Akwai zafi, amma ina jurewa."

Na ce wa Inna, "Ta ce tana ƙoƙari daidai gwargwado."

Inna ta gyaɗa kai. "Haka ake so."

Ita ma Odile ba ta tsira ba. Ta ga Inna tana jan carbi, ta tambaye ni me take faɗa. Na ce ba komai, yana kwantar mata da hankali ne kawai, kamar saƙa. A raina kuwa ina yaba wa kaina. Gani nake ni kaɗai ce na san duniya biyu, ni kaɗai ce na tsaya tsakanin Faransa da Daura kada su yi karo.

Ranar wuni gida ya cika da mata. Da hantsi Goggo Rabi ta iso daga Kongolam. Ƙanwar mahaifinmu ce, aure ya kai ta Damagaram ta Nijar tun tana budurwa, ta shekara talatin a can kafin ta dawo bakin iyaka ta zauna. Na san tana jin Faransanci (Allah ya sani na sani). Amma a kaina nata na gaisuwa ne da tambayar hanya. Na manta gaba ɗaya cewa ta yi aikin ungozoma a asibiti a can shekara da shekaru. Muka gaisa, ta samu tabarma a bayana ta zauna, ta jawo kwanon dambu.

Muna cikin rabon abinci Inna ta tambaye ni a hankali, "Wai mijin Adila ya bar ta ta yi wannan doguwar tafiya ita kaɗai?"

Na ce, "Ai ya rasu, Inna. Bara."

Ta ajiye ludayin hannunta. "Kwana uku matar nan tana gidana ba ki faɗa mini ba?"

Kafin in ce wani abu ta wanke hannu, ta ratsa mata, ta je gaban Odile ta zauna a ƙasa, ta kama hannayenta biyu. Hayaniya ta ragu. Dole na matso na durƙusa a gefe.

"Ce mata yanzu na ji rasuwar maigidanta," in ji Inna. "Ce mata ni ma shekara tara ke nan da na rasa nawa, na san yadda ɗaki yake yi wa mutum faɗi. Allah ya ba ta haƙuri. Allah ya sanyaya mata zuciya. Allah ya raya abin da ya bari, ya karkato mata da hankalinsa. Ce mata daga yau na sa ta a cikin addu'ata, Allah kada ya bar ta ita kaɗai."

Mata suka amsa da amin. Idon Inna ya cika da hawaye. Odile ta juyo tana kallona, tana jira.

Ni kuwa lissafi nake: sunan Allah sau huɗu, ga addu'a, ga mutuwa, duk abubuwan da na yi shekara takwas ina haɗiyewa. Na nemi yadda zan taƙaita na rasa. Idona ya faɗa kan farantin waina da ke gabanta. Sai na ji bakina yana cewa da Faransanci, "Ta ce tana fata yajin bai yi miki yawa ba."

Odile ta dubi Inna, ta dube ni. "A'a, ki ce mata ina son yaji. Amma me ya sa take kuka?"

Na ce, "Albasa ta yanka."

Sai na ji murya a bayana, da Faransanci tsaf wanda ya fi nawa daɗin ji: "Madam, ba yaji ta tambaye ki ba."

Goggo Rabi ce. Ko tashi ba ta yi ba. Ta suɗe yatsunta, ta fassara wa Odile maganar Inna tun daga farko har ƙarshe, ba ta bar ko amin ba. Da ta gama sai ta juya ga jama'a ta fassara musu tawa da Hausa, har da albasar.

Wata a can baya ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, saura suka bi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Ke. Yaji na ce?"

Na sunkuyar da kai ina kallon zanen tabarma kamar ranar na fara ganin tabarma.

Odile kuwa kuka take. Ba ta saki hannun Inna ba, da ɗaya hannun ta lalubi jakarta ta fito da wani carbi na katako mai ɗan giciye a ƙarshe, duk ya goge saboda ja. Ta ce tun da mijinta ya rasu mutane sun aiko mata da furanni da katunan gaisuwa, kuma ta gode musu, amma ban da limamin cocinsu babu wanda ya dube ta ido da ido ya ce zai yi mata addu'a. Ta ce kullum kafin ta zo aiki sai ta biya coci.

Na ce, "Ba ki taɓa faɗa mini ba."

Ta share ido ta ce, "Ke ma ba ki taɓa faɗa mini kina salla a ɗakin ajiye zannuwan gado ba. Wa kike tsammani yake tare ƙofar da keken magani har ki idar?"

Wannan ma Goggo ta fassara (ba wanda ya roƙe ta).

Inna ta ce, "A ɗakin zannuwa kike salla?"

Na ce, "Akwai tsabta, Inna."

Odile ta ƙara da cewa kwana uku ke nan tana mamaki, mace mai fuskar mutunci irin wannan, amma ba abin da ya dame ta sai cikin baƙuwa da guminta. A nan ne Inna ta yi dariya, har tana riƙe ciki.

Nan take aka sallame ni daga aikin tafinta, aka tura ni wajen wanke-wanke. Daga inda nake ina hango su uku a kan tabarma ɗaya. Inna ta ɗauko carbinta, suka jera su suna gwadawa, Goggo tana tsakiya tana juya magana. Can maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa ta matso ta ce a tambayi Adila yaushe za ta musulunta. Na saki kwano a ruwa. Odile ta yi murmushi ta ce ta tsufa a kan hanyarta, amma kada Hajiya ta fasa yi mata addu'a. Inna ta ce, "Ku bar baƙuwata ta ci abinci." Magana ta ƙare a nan. Daga baya Odile ta ce mini da a ƙasarsu aka yi mata wannan tambaya da ta ji haushi. Amma a nan ta lura kamar tayin abinci ne: kana iya cewa ka ƙoshi ba wanda zai yi fushi, gobe kuma a sake yi maka tayi.

Ranar Lahadi da safe Inna ta aika a kira Nura. Ya zo yana gunaguni, ya ce shi fa ango ne. Ta ce ango ne ko ba ango ba, ya ɗauki mota ya kai Adila coci, ya jira ta a waje har su tashi.

Yanzu mun koma bakin aiki. Dokar wurin tana nan, kuma ina bin ta, don na ga tsofaffin da take karewa daga masu takura. Amma a motar komawa gida ni da Odile muna hirar da muka yi shekara shida muna kewaye ta. Ta dawo da dariyarta, kuma yawanci ni ce abin dariyar. Duk Juma'a Inna tana aiko mata da saƙon murya, sai dai ba ta wajena yake biyowa ba. Kongolam yake fara zuwa, Goggo ta fassara, sannan ya ƙetare teku. Ni da muke aiki a ɗaki ɗaya da matar, sai dai ta ba ni labari.

Abin da na koya shi ne, in mutum biyu suna son su gaisa da zuciya ɗaya, kada ka tsaya a tsakiya kana kare su daga juna. In kuwa ka ƙi ji ka ce sai ka yi tafinta na ƙarya, to ka fara waiwayawa ka ga wa ke cin dambu a bayanka.