Cigiyar Wasan Tseren Mota

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a gaban iyayen yara na kai ƙarar kaina da kaina. (Na ce "ba na jin" ne saboda ni mutum ne da ba ya son yanke magana. Amma wannan kam, in dai da rai da hankali, da wuya.)

A lokacin na gama digiri a fannin shari'a, ina zaune a gida ina jiran a kira mu makarantar horon lauyoyi. Tun daga ranar da na kawo sakamako gida kowa a Ƙofar Jatau ya koma kirana Lauya. Nakan ce "tukuna dai," ba mai saurarena. Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, ita ce shugabar wata makarantar firamare ta unguwa, boko da Islamiyya a haɗe. Wani tsohon ɗalibinta ya kawo mata kwamfutoci takwas da ofishinsu ya daina amfani da su, irin masu ƙaton ƙeya ɗin nan. Sai ta aiko aka kira ni.

"Lauya, tunda zaman banza kake yi, zo ka koya wa yaran nan abin nan."

Na ce ba fannina ba ne, amma zan gwada, gwargwadon hali.

Ɗakin da aka ajiye kwamfutocin ba da daɗin rai aka ba mu shi ba. Shugaban kwamitin iyaye, Alhaji Tanimu, mai sayar da manyan riguna na ɗinkin hannu, so yake a raba 'yan aji ɗaya gida biyu a zuba rabinsu a ciki, don sun yi yawa har wasu a bakin ƙofa suke zama. Yana da gaskiyarsa. Da ƙyar Gwaggo ta shawo kansa aka ce a gwada mu zango ɗaya. In an ga amfani, ɗaki ya zama namu. In ba a gani ba, a kwashe kwamfutoci a shimfiɗa tabarmi.

Na ɗauki aikin da gaske. Na goge ƙura, na sauya ƙananan baturan da ke riƙe agogon kowace kwamfuta, na daidaita musu kwanan wata da lokaci, saboda ba na son in ga abu ba daidai ba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.) Matsalar ita ce kwamfutocin sun tsufa, duk wani abin zamani da na ɗora musu sai su yi nishi su tsaya. Yaran kuma tsoron maus suke ji, suna riƙe shi da yatsu biyu kamar wanda aka ba ƙadangare.

A wajen neman mafita na faɗa wani shafin intanet da ya tara tsofaffin wasannin kwamfuta, waɗanda a da sayar da su ake yi, yanzu kuma kowa ya zo ya sauke kyauta. Masu shafin sun rubuta cewa kamfanonin sun yi watsi da su, wasu ma sun mutu tuntuni. Na sauke guda bakwai. Akwai na koyon buga haruffa, akwai na jera tubala, akwai na lissafi. Akwai kuma wani na tseren mota, wanda tun ina ɗan firamare nake tsayawa a ƙofar wani gidan gem kusa da Ƙofar Doka ina kallon manya suna bugawa, don mahaifina ya hana ni shiga. Na gaya wa kaina cewa na sauke shi ne don yara su saba da kibod.

Kuma abin ya yi aiki. Cikin wata guda yaran da ke tsoron maus sun fara rubuta sunayensu ba tare da sun kalli yatsunsu ba.

Wata rana ina kunna wasan motar sai idona ya sauka a kan wani siririn layi a ƙasan allo: ƙaramin harafin nan da ke cikin da'ira, da sunan kamfani, da shekara. Na sha ganinsa, amma ranar sai na ji kamar malaminmu na darasin haƙƙin mallaka yana tsaye a bayana. Abin da ya koya mana a fili yake. Don mai abu ya daina sayar da shi, bai zama ya bar wa duniya ba. Don kamfani ya mutu, haƙƙin bai mutu tare da shi ba, yana komawa hannun wanda ya saye shi ko ya gaje shi, kuma yana ɗaukar shekaru da suka fi nawa nesa ba kusa ba. Don ba wanda ya biyo ka, ba shi ne an ba ka izini ba. A ɗaya gefen kuma zuciyata tana cewa: to wa aka cuta? Ko kana so ka saya, ba inda za ka je ka saya. In masu shafin nan ba su adana ba, da wasannin sun ɓace kamar ba a yi su ba. Na yi ta jujjuya wannan har abinci ya daina yi mini daɗi.

Sai na tafi wurin Kawu Malam Idi, wan mahaifiyata, wanda ke ba da karatu a zaurensa bayan la'asar, kuma shi ke buɗe taron kwamitin makarantar da addu'a. Na jira ɗalibai suka watse, na matsa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, idan mutum ya samu abin da mai shi ya bari, kuma, a iya saninsa, ba a san inda mai shi yake ba, hukuncinsa hukuncin tsintuwa ne?"

"Tsintuwa cigiya ake yi mata, shekara guda. Me ka tsinta?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

"To mai shi ya rasa nasa ne, da ka ɗauka?"

"A'a. Kwafi ne. Nasa yana nan, in yana da shi."

Sai ya nuna mini wata tsohuwar gafaka a kan tarin littattafansa. "Littafin da ke cikin nan kakanmu ne ya kwafe shi da hannu daga na malaminsa. Malamin bai rasa ko warƙa ɗaya ba. Amma sai da kakanmu ya durƙusa ya nemi izini."

"Idan malamin ya rasu fa?"

"Yana da magada."

"Idan ba a san inda magadan suke ba?"

"Sai ka yi cigiyarsu. Kafin su amsa kuma, ka ɗauke hannunka."

Rabin farko na amsar na kama da hannu biyu. Na bi sawun kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, na tura saƙon imel har sau tara. Wasu saƙonnin suka dawo mini, wasu suka tafi shiru. A cikin binciken na gano cewa guda uku daga cikin bakwai ɗin, masu su da kansu ne suka sake su kyauta a fili. Sauran huɗun, har da na motar, ba wanda ya ce komai. Rabi na biyu na amsar Kawu kuwa, na ɗauke hannu, sai na ajiye shi a matsayin shawara. Na hana yara buga guda huɗun, wannan gaskiya ne. Amma idan aka tashi makaranta, tsakanin azahar da la'asar, ɗakin ya yi tsit, solar makaranta tana ba da wuta, nakan ce bari in duba ko wasan motar yana nan lafiya.

Wani mai hankali da sai ya goge guda huɗun ya yi shiru. Ni kuwa sai na ga amana ta wajabta in sanar da kwamiti. Na rubuta takarda shafi huɗu, da sakin layi masu lamba. Ban nuna wa Gwaggo ba, don kada a ce na sa ta a ciki.

Ranar taron ƙarshen zango, ranar da za a yanke maganar ɗakin, a cikin ɗakin kansa aka zauna. Iyaye maza a benci, mata daga baya, Kawu a kujera kusa da taga. Gwaggo ta gama yabon ci gaban yara, fuskarta sai annuri, ta ce ko Lauya yana da abin ƙarawa. Na miƙe na zaro takarda.

Na fara da tarihin haƙƙin mallaka. Na ce akwai yiwuwar, ko da yake ba tabbas, cewa wasu daga cikin abubuwan da ke cikin kwamfutocin nan, a wata fassarar, ba mu da ikon riƙe su. Na ce a ƙa'ida mai haƙƙi yana iya zuwa kotu, duk da dai da wuya, amma ba za a ce ba zai yiwu ba. Na ga annurin fuskar Gwaggo yana dushewa. Daga baya wata uwa ta ce, "Kotu kuma?"

Alhaji Tanimu ya ɗaga hannu. "Lauya, dakata. Mu ba mu yi jami'a ba. Kayan sata ne ko ba kayan sata ba ne?"

"Alhaji, ya danganta."

"Ya danganta da me? Ni in wani ya ɗauki zanen aska ta rigata ya kai wa wani maɗinki, na san sunan abin. 'Ya'yanmu muka kawo a koya musu tarbiyya. In abin da ake yi a ɗakin nan ke nan, Hajiya Rabi, a kwashe, a shimfiɗa wa 'yan aji ɗaya tabarma."

Aka fara "ƙwarai kuwa" daga benci zuwa benci. Na ga ɗakin yana zamewa daga hannun Gwaggo, kuma ni ne na ture shi. A cikin ruɗewa na faɗi jimla ɗaya tilo da ba ni da "wataƙila" a cikinta, ina jin a duk rayuwata.

"Tun ranar da shakka ta shige ni, mako uku ke nan, ba wanda ya sake taɓa wasannin nan. Ba yara ba, ba ni ba."

Kawu ya gyara zama. "To a nuna mana abin, mu gani da idonmu. Ba a hukunci a kan abin da ba a gani ba."

Na kunna kwamfutar da ke kusa da ni, wadda nake zama a kai. Hannuna da kansa ya tafi kan wasan motar, don ya saba. Kiɗan ya tashi. Shi kuma wannan wasa yana da wata ɗabi'a: kafin a fara, sai ya nuna jerin gwanaye goma da suka fi kowa maki, da sunan kowa, da ranar da ya ci.

Alhaji Tanimu ya sa tabarau ya matso. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummawa a masallaci.

"Na ɗaya, Lauya. Na biyu, Lauya. Na uku, Lauya." Ya bi da yatsa har ƙasa. "Duk goman Lauya ne." Ya ƙara matsawa. "Wannan na saman, kwanan watan jiya ne ko idona ne?"

Na so in ce agogon tsofaffin kwamfutoci ba abin dogaro ba ne. Amma a wannan ɗakin, a gaban mutanen nan, na taɓa yin alfahari cewa ni na daidaita su.

"Jiya Juma'a," in ji Gwaggo, ba ta ko kalle ni ba. "Ka ce mini takarda kake rubutawa."

"Ina rubutawa, Gwaggo. Hutu nake ɗan yi a tsakani."

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na dai san har matan baya sai da suka rufe baki da mayafi. Alhaji Tanimu ya cire tabarau yana share ido. "Ashe ba lauya muka ɗauka ba, direba ne."

Kawu bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya jira aka lafa, ya ce, "Na ce ka ɗauke hannunka." Na sunkuyar da kai. "A cikin bakwai ɗin nan, akwai wanda masu shi suka ce a ɗauka?"

"Akwai uku, Allah gafarta Malam. Na koyon haruffa, da na lissafi, da na tubala."

"Waɗanda yara suka ƙaru da su ke nan?"

"Su ne."

"Ina ka rubuta wannan?"

"A shafi na huɗu. A ƙasa."

"Da ka fara da shi, da yanzu mun yi sallar azahar."

Aka yanke cewa ɗaki ya zauna, a bar ukun, a goge huɗun nan take a gaban kowa. Na bi kwamfutoci takwas ɗaya bayan ɗaya, Alhaji Tanimu yana biye da ni kamar mai duba ɗinki. Tawa na bari ƙarshe. Da ta tambaye ni ko na tabbata, sai da na ɗan tsaya. Maki na jiya ya fi duk wanda na taɓa gani a gidan gem na Ƙofar Doka. Na danna.

Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kan masu shafin nan ba. Ina ganin suna adana abin da zai ɓace, ina kuma ganin ba su nemi izinin kowa ba, kuma duka biyun gaskiya ne. Nakan sake tura saƙon cigiyar lokaci zuwa lokaci. Ba a amsa ba tukuna.

Abin da na koya dai, in har na koyi wani abu, shi ne idan zuciya ta ce maka abu ba naka ba ne, ka fara ajiye shi kafin ka ɗauki biro. Shafi huɗu na rubuta don in kauce wa danna maɓalli ɗaya. Yanzu na zama lauyan gaske, da takarda da komai, amma duk ranar da na bi ta gaban shagon Alhaji Tanimu, sai ya ɗaga hannu daga cikin riguna ya ce, "Direba, a dai riƙa taka birki."