Babban Yatsan Kaka

"Lafiya lau, ango, sai kewarka," in ji jikar, tana ajiye kwamfuta a kan teburin falo. Kwana goma ta yi tana haɗa shafin intanet da zai nuna wa mutane ƙungiyoyin agaji ta waya, gobe kuma za ta miƙa aikin. Shi ya sa ta zo gwada shi a hannun kakanta, tsohon direba.

"Kewa? Ƙarya kike, amarya, ba kya zuwa sai da buƙata. Mene ne a ciki?"

"Mai neman magani, ko abinci, ko makarantar yara, ya buɗe a wayarsa ya ga inda zai nufa. Na ce in har ka iya, to kowa ma zai iya."

"Ni za ki raina? Ina tuƙa babbar mota ubanki ko haƙori bai yi ba! Miƙo nan."

Ta miƙa masa wayarta, ya gyara tabarau, ya ɗora babban yatsa. Wajen magani ya nufa, waya ta buɗe masa na masu juna biyu.

"Barka, tsoho! Wata nawa ke nan?"

"Ja'ira! Ke kika yi maɓallan kamar idon sauro. Wa zai danna wannan?"

"Yatsan naka ne kamar taɓarya."

"To masu neman taimakon yatsun 'yan gayu gare su irin naki? Rubutun ma sai ka ce tururuwa ta bi ta kai."

Dariyar ta tsaya mata. Ba ta taɓa gwada shi a hannun kowa ba sai nata. Ta jawo kwamfuta, ta ƙara wa rubutu girma, ta mayar da maɓallan manya guda huɗu, shi kuwa yana leƙe ta kafaɗarta, yana tambayar aikin kowane layi.

Da ya sake karɓar wayar, sai ya rage murya. "A nan ana samun keken guragu?"

"Kai da kake riga kowa zuwa bakin kwano?"

"Ba ni ba. Abokina kafinta. Tun da aka yanke masa ƙafa, wata biyar bai leƙa ƙofar gida ba. Kunyar tambaya yake."

Ta kai hannu za ta nuna masa, ya doke hannun. Ya danna sau uku da kansa, lamba ta fito. Ya kira, wata mata ta ɗauka, ta ce a kawo takardar asibiti ranar Litinin, akwai keke biyu a ajiye.

Ya cire tabarau yana goge ido. "Ashe kan nan ba kitso kaɗai yake ɗauka ba."

"Ka dai yarda na fi ka?"

Ya kwashe da dariya, ya lalubo alewa a aljihu. "Na yarda. Ungo ladanki. Amma ki shanye a nan, ta kakarki ce na sato."