Ranar Da Na Taɓa Fiyanon Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma da ana wanke rana kamar allo, da ita zan fara wankewa.

Ni da abokina Tanko mun tsufa muna waƙar noma tare, daga gonakin Randagi har Kuyello. Shi ke bayarwa, ni ke amshi (alhali a raina na tabbata na fi shi murya). Da aka sa ranar auren ɗana, sai Alhaji uban amarya ya ce mu yi waƙar biki a ɗauka, wanda muryarsa ta fi fita shi zai riƙe makirfo a gaban jama'a. Nan Shaiɗan ya samu tabarma a zuciyata.

Muka je situdiyon Rifkatu a cikin Birnin Gwari, wata 'yar Gbagyi mai kaɗa fiyano a cocinsu. Ni na fara shiga ɗakin ɗauka, na yi amshina, na fito ina hura hanci. Na tarar tana danna fiyano, amma shiru.

"'Yata, abin naki ya mutu ne?"

"Bai mutu ba, Baba. Saƙo kawai yake aikawa, midi ake ce masa. Na karkata shi zuwa wani abin gyaran murya da ke cikin kwamfuta. Duk inda na danna, can murya za ta bi, ko ta so ko ta ƙi."

"Kamar igiyar hancin bijimi ke nan?"

"Haka nan, Baba."

Ban tambayi muryar wa aka ɗaura wa igiyar ba. Me zai sa in tambaya? Ai ga mai buƙatar gyara can ya shiga ɗaki.

Tanko ya sa abin ji a kunne, ya fara waƙa. Sai janareto ya soma tari, Rifkatu ta fita dubawa, ta bar ni da fiyano. Jama'a, da furfurata da komai, na zuba masa yatsu goma. Na danna fari, na danna baƙi, har da gwiwar hannu. Ta gilashin ɗakin ɗauka na hango kafaɗun Tanko na rawa, yana share hawaye. Na ce a raina, yau ka ji muryarka ta gaskiya.

Rifkatu na dawowa, sai ga Alhaji da ƙannensa biyu sun zo jin waƙa. Na gyara hula. Aka kunna.

Muryar Tanko ta fito tangaran. Sai amshi ya zo. Wayyo! Muryata ta haye sama kamar an shaƙe zabo, ta faɗo ƙasa tana kukan bunsuru, kuma daidai inda nake kiran sunan amarya. Alhaji ya rufe baki da hannun riga saboda kunyar surukuta. Ƙannensa kuwa ba su da wannan kunyar, ɗaya har ƙasa ya zauna.

Na ce, "Kayan zamani ke nan, ba su da amana."

Rifkatu ta juyo da fuskar kwamfuta. Ashe duk dannawa tana barin sawu, ga su nan birjik kamar kaji sun bi ta kan shanya.

"Baba, nawa a nan suka tsaya. Waɗannan ban san mai su ba." Ta rage murya. "Kuma muryarka na ɗaura wa igiyar, don ita ke zamewa. Ta Baba Tanko ba ta buƙatar gyara."

Tanko ya dafa ni. "Tsohon banza, ina kallonka ta gilashi, ina jin ka a kunne. Wallahi ba ka taɓa yi min amshi mai daɗin na yau ba."

Rifkatu ta goge ɓarnata, ta gyara waƙa. Ranar biki Tanko ya riƙe makirfo, ni na tsaya a bayansa. Na roƙe shi gafara ya yafe, amma da sharaɗin a tura masa lalatacciyar a waya. Ita ya sa ta zama ƙarar kirana.

Don Allah kada ku yi irin nawa. In hassada ta motsa muku, ku zauna a kan hannuwanku har ta wuce. In kuma kun ji bunsuru na kuka a aljihun Tanko a kasuwa, ku wuce kawai, ni ne nake nemansa.