Alhaji Ɗayyabu a Kan Sawun Gada

Ƙasar Makarfi ta yi dace da Allah ya ajiye mata Alhaji Ɗayyabu, dillalin rake, wanda ya wayi gari ya gane cewa asalinsa maharbi ne. Ya sayi bindigar toka, ya sa tela ya ɗinka masa riga mai aljihu ko'ina, ya ƙoshi da kallon maharban Turai a waya. Daga nan ya zama Farfesan Dawa. Ba a taɓa ganinsa da ko zomo ba, amma wannan ba aibu ba ne, domin fanninsa shi ne abin da ke biyo bayan harbi.

"Harbi aikin jahili ne," in ji shi a majalisa. "Ilimi shi ne karanta dabba. In ta zabura sama, zuciya ka samu. In ta gantsare, ciki ne. In ta ɗaga wutsiya, raina ka ta yi."

Yahuza, wani manomi a Dandamisa, mutum ne mai gaskata manya. 'Yarsa Mukarrama ta sauke Alƙur'ani, an sa ranar walima, malamai za su zo daga Hunkuyi. Farfesa ya hana shi sayen rago.

"Rago, ina raye? Ba gada ce ke yi maka ɓarna a gona ba? Ka ce wa mata su jajjaga kayan miya kawai."

Da hantsin ranar walima gadar ta fito bakin rake. Farfesa ya ɗura wa bindiga albarushi daidai da iliminsa, wato fiye da ƙima. Ya harba, bindigar ta hankaɗe shi, hayaƙi ya turnuƙe. Shi da ya runtse ido ya ga abin da masu ido a buɗe ba su gani ba: wai gadar ta zabura sama. Ya kutsa cikin rake a guje, ya yi ta bulayi, ya fito, ya kira Yahuza da maƙwabta su zo su ɗauki darasi.

Abin mamaki, ga jini kuwa a ganye. Farfesa ya lakata, ya shinshina, ya ɗaga wa rana.

"Ku matso. Wannan jinin tsohuwar dabba ce mai kitse, wadda ta saba cin na mutane. Ku dubi yadda ta kakkarya rake: ta rikice, ba ta san inda ta dosa ba. Irinta sai girman jiki, babu zuciya. Ba za ta yi nisa ba."

Suka bi ɗigon jinin, shi a gaba, yana ba da umarni a sare raken Yahuza don a buɗe wa ilimi hanya. Ɗigon ya dawo da su inda suka faro.

"Dabarar wawayen dabbobi ke nan, kewaye," in ji shi.

Da suka sake zagayawa, jinin ya ƙaru, ya fi na ɗazu ɗanye. Farfesa ya yi kabbara. Ana cikin haka Zubaida, matar Yahuza, ta bugo waya: malamai sun zauna, miya ta tafasa har ta gaji, ina nama?

Yahuza ya mayar da waya aljihu, ya tsura wa jagoransa ido.

"Ranka ya daɗe, ɗan ɗaga hannunka na dama."

Ya ɗaga. Ƙarfen bindiga ya tsage masa damtse tun lokacin harbi, jini yana bin hannun riga yana ɗiga a gwiwar hannu. Farfesa ya dube shi sau ɗaya, ya zube sumamme.

Malaman Hunkuyi sun ci tuwo da miya lami, sun yi wa Mukarrama addu'a, sun yi godiya sun tafi, abin da ya fi zagi ciwo ga Yahuza. Abin da aka samo a dawa ranar, a amalanken rake aka kai shi kemis, ƙafafu suna reto.

Amma a yi wa Farfesa adalci. Bai yi kuskure ko ɗaya ba wajen siffanta dabbar, kuma lalle ba ta yi nisa ba.