Ranar da Kunkuru Ta Zaɓe Ni

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar bikin rufe lakwal, wato makaranta, a Tanut, shekarar da nake ajin ƙarshe a kolej. A lokacin littattafan soyayya sun fara shigo mana daga Kano cikin kayan ƴan kasuwa, ni kuwa na sha su har sun hau mini kai. Ina tafiya ina kallon sama, ina ajiyar zuciya ba gaira ba dalili (Inna har jiƙo ta ba ni, ta zaci ciwon ƙirji ne).

Tauraruwar tawa ita ce Hadiza, ƴar ajinmu, wadda ba ta san an naɗa ta tauraruwa ba. Da an tashi hutu za ta koma Damagaram wajen yayarta, ni kuma Belbeji, gonar gero. Ranar bikin ce kaɗai ta rage mini in nuna mata abin da ke raina.

Muna da malamin kimiyya, Mushe Lawali (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), wanda ya haɗa wata na'ura da injin goge gilashin mota, da ƙafafun keken yara, da ƙaramin batir, ya kife mata ƙwarya. Muka sa mata suna Kunkuru. A goshinta akwai ido guda, ɗan gilashi mai gane haske. In batirinta ya yi sanyi, sai ta juya ta nemi fitilar da ke cikin wani akwati da muke kira akurki, ta shige da kanta, ƙarafunanta su taɓa waya, ta sha wuta.

“Ba ta san kowa ba,” in ji Mushe. “Inda haske ya fi ƙarfi, can take zuwa.”

Kowa ya ji darasi, ni na ji dabara. Na naɗa fure da takardar alawa na soka a ƙwaryar, na ce wa Mushe ado ne. Na ari madubin Inna na ɓoye a hannun riga. Shirina: in Kunkuru ta fara neman akurki, sai in tara hasken rana in jefa shi a ƙafar Hadiza, na'ura ta kai mata fure a gaban duniya. Hadiza ta ɗago ido, idonmu ya haɗu, sauran kuwa duk na riga na karanta yadda yake ƙarewa.

Aka taru a rumfar lakwal, ga kumandan mai mulkin gari, ga direkta, ga iyaye, ga wasu dattawan Buzaye daga Tenhya da aka shimfiɗa wa tabarma a gaba. Kunkuru ta yi ta kewaya fili, yara na ihu, har tafiyarta ta yi nauyi.

“Yanzu yunwa ta kama ta,” Mushe ya ce yana gyara wuyan riga. “Ku duba yadda za ta koma gida ba wanda ya kora ta.”

Ina bakin rumfa, inda rana ke faɗowa. Na zaro madubi. Abin da littattafan ba su faɗa mini ba shi ne hannun masoyi rawa yake yi. Hasken ya tsallake Hadiza, ya lashi rawanin wani dattijo, ya dawo ya daki Kunkuru tsakiyar ido. Ita kuwa ba inda haske ya sauka take dubawa ba, inda ya fito take nema.

Ta juya wa akurki baya. Ta nufo ni, ƙiiii, fure na rawa a kanta. Na ja da baya, na daki ginshiƙin rumfa. Maimakon in jefar da madubin, sai na ƙanƙame shi a ƙirji kamar laya. Ta iso, ta tura kai ƙarƙashin doguwar rigata, ta dunguri ƙafata, ta yi ɗan kuka, batir ya mutu.

Idon kowa ya dawo kaina. Sai dattijon da na haske wa rawani ya ce da ƙarfi, “Mushe, wannan yaron ne akurkin?”

Kumandan ya yi dariya har da tari. Mushe Lawali ya zo ya tsuguna, ya janyo Kunkuru daga cikin rigata, ya dubi madubin, ya dube ni.

“Ɗana, da ka gaya mini kana da wuta a jiki, da ban wahala da waya ba.”

Da aka watse, Hadiza ta biyo ta gabana da ƙawayenta. Karo na farko ke nan da ta yi mini magana. Ta ce, “Akurki, Allah ya ba da zaman lafiya. Amarya ta yi kyau.”

Sunan ya riga ni isa Belbeji. Har yau akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba.

Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya irin na'urorin yanzu masu kyamara, da ke gane wurin cajinsu ko an haske su da madubi. Na ce masa sun yi hankali, amma sun rasa aminci. Ni dai darasina guda ne: kafin ka aiki wani da saƙon zuciyarka, ka san abin da idonsa ke bi. Kuma duk cika bakina, a rayuwata mace ɗaya ce ta taɓa ratsa taro ta kawo mini fure, ita ma da ƙwarya a ka da ƙafafun keke.