Awakin Aro

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ciwo ya shiga garkena a Kamazou, ya kashe awakina tas. Da kuɗin sallamata na masaƙar Kakuri na saye su. Sai aka ce gwamnati za ta ba masu dabbobi tallafin gaggawa, jami'ai na tafe dubawa.

Matata ta ce, "Baban Ladi, bar garken haka, su ga asarar da idonsu."

Na ce, "Ke me kika sani game da gwamnati? In ba su ga dabba ba, wa zai yarda ni makiyayi ne?"

Na share garke, na aro awakin maƙwabcina Baba Yohanna duka, na zuba, na saka rigar coci na tsaya.

Jami'in ya leƙa, ya ce, "Oga, kai kam Allah ya tsare ka, naka ƙalau suke." Ya wuce gidan Baba Yohanna, ya tarar da garke wayam, ya yi masa jaje, ya rubuta sunansa.

Har yau kaza ma ba ni da ita. Kullum muka haɗu, Baba Yohanna sai ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a sake aro?"