Shagwaɓa Ta Rasu da Ƙwan Mai Burodi a But

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma taka ƙasa bayan sun ɗanɗana daɗi, ni mai ɗinkin kujerun nan na ƙarshen layi nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar motar gidanmu wadda aka fi sani da Shagwaɓa. Ta cika ne da hantsi a ƙofar gidan burodin bayan kasuwa, bayan doguwar jinya da ta sha, mu ma muka sha tare da ita. Sanarwar nan da sunana kaɗai ta fito. Na nemi maman yara, wadda ita ce mai motar, mu fitar da ita tare, ta dube ni ta ci gaba da zuba wa kaji ruwa.

Marigayiyar baƙa ce, doguwa, mai faɗin ƙirji. Ba a san shekarunta na gaskiya ba. Dillali ya ce yarinya ce ɗanya, bakaniken da ya fara leƙa ƙarƙashinta ya ce ta yi jika. An haife ta a wata ƙasa mai santsin titi, ta yi ƙuruciyarta tana ɗaukar manyan mutane waɗanda ba sa buɗe ƙofa da hannunsu. Daga nan ta yi ta sauya iyayen gida, kowa ya riƙe ta ya gaji ya miƙa wa na gaba, har rabo ya kawo ta gidan da ake kiwon kaji.

Tunda tarihin mamaci ake bayarwa, dole a faɗi yadda ta shigo. Maman yara ƙwai take sayarwa. Kajinta suna rumfar bayan gida, kuma babban mai sayenta shi ne mai gidan burodin, wanda kullum safiya yake jiran kiret-kiret ɗinsa kafin a fara kwaɓi. Ta gaji da 'yan haya masu faɗawa rami kamar da gayya, ta yi ta tari har abin ya isa. Da ƙafarta ta je wurin dillali ta zaɓi wata 'yar farar mota, gajera, marar kyau ko na anini, wadda in an kwantar da kujerun baya kiret ke shiga kamar don shi aka ƙera ta. Ranar biya ta zo daidai da ranar rigakafin kaji, sai ta damƙa mini kuɗinta. Har na kai ƙofa ta ɗaga murya ta ce, "Baban yara, farar nan fa. Kada ka tsaya kalle-kalle."

Allah ya sani ban je da niyyar kallo ba. Amma a gefen farar, a inuwa, marigayiya tana tsaye tana sheƙi. Dillali ya ga idona ya karkata, ya buɗe ƙofar ya ce, "Maigida, zama ai kyauta ne." Na zauna.

A nan ina kira ga duk abokan sana'ata su zama shaida. Tun ina saurayi nake ɗinka kujera, ban taɓa ɗora jikina a kan irin wannan ba. Na danna soson da babban yatsa, ya dawo a hankali, cikin natsuwa. Na shinshina fatar, ta gaske ce. Na bi ɗinkin da farce tun daga kafaɗa har ƙasa, layi biyu ne reras, ko zare ɗaya bai kauce ba. Sai na ce wa raina, mutumin da bai yi ha'inci a kujera ba, inda ba mai bincikarsa, ba zai yi a inji ba. Da wannan ma'aunin nake sayen komai a rayuwata, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai a wannan karon. Ban ce a buɗe mini gaban motar ba, don ko an buɗe ban san me zan duba ba.

Na dai ambaci ƙwai. Dillali ya yi dariya ya ce, "Ƙwai? Wannan ai a kan iska take tafiya. Ko jariri ka kwantar a but ɗin nan ba zai farka ba." Kuɗin kuma kusan ɗaya ne da na farar. Wallahi ba don kaina na yi ba. Matar nan ta shekara da shekaru tana shaƙar kashin kaji, tana zama a bayan babur da kiret a cinya. So na yi ko sau ɗaya ta sauko daga motar da za a ce wace ce wannan.

Da na shigo layi yara suka yi ta ihu. Maman yara ta fito da bokiti a hannu, ta zagaya motar sau ɗaya, ta ce, "Ina farar?" Na yi mata bayanin iska, na yi mata bayanin fata, na ce ta dai zauna ta ji. Ba ta zauna ba. Ta ce, "To. Kaji sun gode." Ita ce kuma daga baya ta raɗa mata suna Shagwaɓa, da ta ga ba ta fita da safe sai an lallashe ta.

Ba a faɗin aibin mamaci, kuma marigayiya tana da halaye na gari da za a daɗe ana tunawa. Mai ladabi ce. Duk inda aka ajiye ta sai ta saki wani dogon numfashi, fssss, ta durƙusa har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, kuma ba ta miƙewa sai an kunna ta an tsaya a kanta tana gurrr, gurrr, tana tashi ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mai zumunci ce, ba ta taɓa wuce gidan mai ba ta tsaya sun gaisa ba. Ba ta ɓoye ciwo. Da an murɗa makulli take fara ɗin, ɗin, ɗin, ta kunna fitilu ja da rawaya a gaban sitiyari, wasu ma ko mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, bai san me suke nufi ba. Kujerar direba tana ɗumama baya. Ba mu taɓa roƙonta hakan ba, kuma har ta koma ga masu ita ba mu gano inda ake hana ta ba. Masu gadi suna sara mata. Akwai ranar da wani ya buɗe mana babban ƙyaure da gudu, sai da ya ga maman yara ta fito da takalmin roba tana sauke kiret sannan ya sauke hannunsa.

Abu ɗaya nake so a rubuta mata, don shi kaɗai ya rage mini. Duk tsawon zamanta da mu, ƙwai ko ɗaya bai taɓa fashewa a cikinta ba. Lafiya lau yake isa, sai dai yakan isa a makare.

Ciwon ajalin ya faro ne daga ƙafar baya ta hagu, wadda ta daina tashi tare da 'yan'uwanta. Bakanike ya ce abin da ya lalace ba a sayar da shi a nan kusa, sai an aiko daga inda aka haife ta. Aka aiko, aka sa, ciwon ya koma ƙafar dama. Aka gyara dama, ta fara zazzaɓi a cunkoso. Motar ta fi kwana a gareji fiye da gida, ranar da take gida kuma sai ta ga dama. Mai burodi mutum ne mai kawaici, amma har ya kai ga cewa, "Maman ƙwai, ina jin nauyinki, amma kwaɓi ba ya jiran mota." Ta dawo ta faɗa mini ba tare da ta ƙara ko kalma ɗaya tata ba. Na ce mata gyaran ƙarshe ne ya rage.

Ranar da abin ya faru, mai burodi ya karɓi babban aikin kek, ya nemi ƙwai fiye da abin da kajinmu ke yi. Maman yara ta bi maƙwabta masu kiwo ta tattaro nasu da sunanta. Aka cika but taf. Abin mamaki, ran nan marigayiya ta tashi da bugu ɗaya, ta miƙe a kan ƙafafunta huɗu kamar budurwa, ta kai ta har ƙofar gidan burodi a kan lokaci. Ashe sallama take yi. Tana tsayawa ta yi ɗin, ɗin, duk fitilunta suka kama lokaci guda, sannan suka ɗauke. Ta yi fssss na ƙarshe, ta kwanta.

Sai a ranar muka san but ɗinta ba shi da ramin makulli, da maɓalli kawai yake buɗewa, maɓallin kuma sai da wuta. Aka ce a kawo wani batir a jona, aka duba gaba babu wurin batir. Nata batirin a cikin but yake, tare da ƙwan. Aka gwada ta kujerun baya, aka tarar da bangon ƙarfe.

Maman yara ta kira ni na taho da gudu, da zare a wuyana. Na tarar da mai burodi a tsaye, tanda ta yi zafi, ma'aikatansa sun fito da fulawa har gwiwar hannu. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya ɗauko guduma da cizal. Ban san lokacin da na tsaya a gaban but ɗin na ware hannuwa ba. Na ce, "Ku yi wa Allah ku dakata, mai wayarin yana zuwa. In aka fasa nan wa zai saye ta?" Maman yara ta ce, "Baban yara, matsa." Na ce yanzu zai iso. Ta sake cewa, "Matsa." Ban matsa ba. Mai burodi ya dube mu, ya girgiza kai, ya aika a sayo masa ƙwai a wani wuri. Mai wayarin kuwa ashe ya yi tafiya.

Maman yara ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta buɗe jaka ta ciro makullin, ta kama hannuna ta sa mini a tafi, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Don Allah kada ka ƙara taimaka mini." Ta juya ta tafi gida a ƙasa.

Da mai wayarin ya dawo bayan kwanaki, ya tsaya daga nesa da hankici a hanci ya ce ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, sai haƙuri. Baƙar mota ce, a rana take, ƙwan kuma yana ciki har yanzu. Masu wucewa ta layin sun san sauran bayanin.

Marigayiya ta rasu ta bar makullai biyu, ɗaya bai taɓa aiki ba. Ta bar tayoyi huɗu waɗanda ba ubansu ɗaya ba. Ta bar bakanike, wanda ya yi rufin ɗakinsa a dalilinta kuma ya fi kowa kuka na gaskiya, da mai wayarin, da masu ba da mai na gidaje da dama. Ta bar 'yar farar nan da aka ƙi dominta, wadda wani mai sayar da magani ya saya, kullum tana wuce shagona da kwalaye har rufi, ko tari ba ta yi. Ta bar maman yara, wadda ta sayar da wasu daga cikin kajinta ta sallami maƙwabta. Ta kuma bar ni.

Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mini mota ce, wata za ta zo. Na gode, amma ba motar ke hana ni cin abinci ba. Tun ranar maman yara ba ta fasa yin komai ba. Tana gaishe ni, tana ajiye mini abinci, tana tambaya ko akwai wanki. Amma da, in kaza ta yi sanyi ni take fara kira in zo in gani. In farashin dusa ya tashi ni take yi wa mita. Yanzu sai in ji ta a rumfa tana shawara da kaji. Jiya leda ta yage a rufin rumfar, ga ni da allura da zare a aljihu, ta ɗauko tsani ta hau da kanta. Na riƙe tsanin, ta tsaya cak ba ta ƙara taka ko ɗaya ba har sai da na saki. Tsoro nake ji, jama'a. Ban taɓa jin irinsa ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Gobe da sassafe janwe zai ɗauki gawar daga ƙofar gidan burodi, bisa roƙon mai gidan da na duk maƙwabtansa, zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan gari. A can za a fasa but ɗin, nesa da gidajen mutane. Ana shawartar masu rakiya su zo da abin rufe hanci, su kuma tsaya ta inda iska ke fitowa. Bakanike ne zai tsaya a madadin iyali. Ba a buƙatar gudummawa. Wanda yake da faɗa a wurin mai burodi, ya je ya ƙara sa baki, don ya ce zai sake gwada maman yara sau ɗaya, gobe, in ta makara shi ke nan.

Ni ba za a gan ni a wurin binnewa ba. Daidai lokacin ne za ta yi lodi a babur mai ƙafa uku da ta ɗauka haya. Zan tsaya a bakin rumfa, ba zan yi magana ba, ba zan taɓa komai ba. In ta miƙo mini kiret ɗaya in ɗora, kowa ya koma harkarsa, an gama makoki. In kuwa ta zagaye ni ta miƙa wa mai babur, to ku shigo ku yi mini ta'aziyya, wannan karon da gaske.